Kaka, Masunta da Haɗin Baki

Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi ran Kaka, mahaifiyar Inna, a ɗakinta na Madarumfa. Kafin a gama yi mata sutura mata masu suyar kifi sun kashe wuta, sun kife kasko, sun cika tsakar gida da ƙaurin mai a jikin zannuwansu. Inna ta ce babu wadda ta yi kururuwa. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ta huta," domin kowa ya ga yadda ciwo ya ci ta shekara ɗaya da rabi, ƙafafu a kumbure, ba zama ba kwanciya. Kawu, wanda ya yi ta jigilar ta zuwa gidan likita a Maradi, ya goge fuska da hannun riga ya ce shi dai ya gode Allah da ta tafi da hankalinta da kalmar shahada a bakinta.

Washegari muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, sai ga taubashinta, ɗan kawunta, tsohon masunci da suka yi ta fafatawa tun suna matasa. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "Shekara arba'in ina roƙon Allah shi nuna mani ranar da za ni saida kihina matar ga ba ta tsaye bisa kaina. Ga ranar ta zo, na kasa shiga ruwa." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa hawaye na bin gemunsa.

Ni ma zuciyata sakayau take a kan tabarmar nan, har na ji kunyar kaina. Ba don ban ji mutuwarta ba. Da Kaka ta rasu mako guda kafin ranar, da ban san inda zan sa kaina ba, domin shekara biyu ta yi tana fushi da ni, kuma kalma ɗaya ce ta jawo. Na rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don in faɗi laifina da bakina.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tsakanin kaka da jika zagi ne gaisuwa. Tun ina rarrafe ni ne mijinta, kuma ban taɓa zama mijin kirki ba. Ni ne marowaci, ni ne mai kunnuwa kamar faifai, ni ne angon da bai taɓa kawo cefane ba. In na yi sallama sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku ɓoye tukunya, hwara ta sauka." Tana faɗa tana turo mini kan tarwaɗa, wanda ba ta taɓa sayar wa kowa in ta san ina gari. Ni kuma in ce, "Tsohuwa mai ƙaurin kihi, na sake ki." Ta ce, "Saki na nawa ke nan? Ko alƙali ya gaji da mu."

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na zo na gaya mata zan karanta tattalin arziki a jami'a. Ta ajiye cokalin suya ta dube ni sama da ƙasa.

"Tattali? Kai? Kai da sabulu ba shi kwana ukku hannunka? In tattali suka so, su zo nan in koya masu, ba sai an kai ka ka ɓata masu alli ba."

Ranar da zan tafi ta ɗaure mini bandar kifi a ƙullin da ya fi jakata nauyi. Ta ce in ci a hankali, kada a gane a birni daga gidan yunwa na fito.

Ita kanta ba ta cin kifi. Tana cewa warinsa ya ƙosar da ita tun tana budurwa, a ba ta tuwon dawa da miyar kuka ta gode. Amma a bakin tafkin garinmu babu wanda ya san kifi kamar ta. Da sassafe masunta ke fitowa su zube kamunsu a daro, mata masu suya su tsaya gefe guda, babu wadda ke buɗe baki sai Kaka ta iso. Sai ta tsuguna ta ɗaga kunnen kifi, ta danna cikinsa, ta taɓe baki kamar an nuna mata abin tausayi, sannan ta taya. Mai kifi ya ce albarka. Ta miƙe ta yi taku uku, ya kira ta, a ja a ja har a sallama. Yadda daron farko ya tsaya, haka sauran mata za su saya ranar. Babu wadda za ta zagaya ta bayan kwale-kwale ta ƙara wa masunci don ta kwashe mai kyau.

A wurin suya ma haka. Yanka iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Baƙuwar da ke son kafa kasko sai ta kawo goro wurin Kaka, a duba ko akwai wuri, wani lokaci a ce ta jira bayan girbi. Wadda mijinta ya mutu kuwa, murhunta na nan har ta fita takaba, ana karɓa-karɓa ana soya mata, a kai mata gida. Na sha ganin mai saye ya tsaya gaban Kaka, musamman baƙin da ke zuwa ziyara, ta ce, "Nawa bai soyu ba, tahi wurin waccan," alhali kifinta ya yi ja har yana ƙyalli. Ta lura ne waccan ba ta buɗe kasuwa ba tun safe.

Kada in yi mata ado da yawa, Kaka tana da zafi. Abin da ba ta yafewa shi ne a taya a gudu. Wata rana wata daga cikin matan ta taya daron karfasa, aka sallama mata, sai ta hango wanda ya fi shi, ta ce ai wasa take. Sai Kaka ta matso. Ta ɗauki daron a yadda waccan ta taya, ko da yake ta riga ta sayi nata, ta kwashi kaya biyu ta tafi. Da azahar ta aika aka gaya wa matar ta huta mako guda a gida. "Wanda yat taya ba shi gudu," in ji ta. "In ka yi tsada, sha tsadarka, gobe ka yi hankali."

A shekara ta uku a jami'a aka fara koya mana tattalin arzikin masana'antu, wato yadda kasuwa ke tsaruwa da yadda kamfanoni ke gasa a cikinta. Malaminmu ya jera mana su a allo: kasuwar da mai sayarwa ɗaya ya yi babakere, wadda 'yan tsiraru suka raba tsakaninsu, da wadda masu saye ne kaɗan masu sayarwa da yawa. Misalansa duk na siminti ne da kamfanonin waya da jiragen sama, ni kuwa ina ta hamma a baya. Ran nan ya zo kan abin da ake kira antant da Faransanci. Ya ce in 'yan kasuwa suka zauna suka tsayar da farashi ɗaya, suka hana junansu ƙari ko ragi, suka sa wa baƙo shinge, to sun kashe gasa, kuma wani ne a gefe ke biyan kuɗin zaman lafiyarsu. Ya ce cuta ce a kasuwa, har doka na hukunta manyan kamfanoni a kanta.

Barci ya watsake daga idona. Mutumin nan Kakata yake siffantawa, bai taɓa ganin ta ba. Na ji daɗi irin na wanda ya yi tsintuwa, na ce ga abin da zan rubuta memuwar ɗina a kai, babban rubutun da ake yi kafin a kammala. Ban tsaya na tambayi kaina ko ita za ta ji daɗin zama misali ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a lokacin gani nake babu wanda ya kai ni.

Da aka ba mu hutu na sauka bakin tafki da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na sa riga mai aljihu. Kwana uku ina bin mata da masunta da tambayoyi. Kaka tana nuna ni tana cewa, "Ku yi haƙuri da mijina, boko ya taɓa shi." A rana ta huɗu, ana tsakiyar ciniki, Kaka na tsugune gaban daron farko, taubashinta ya ce, "Kai ɗan boko, wai mi kake ta rubutawa?"

Na gyara tsayuwa. Na yi bayani dalla-dalla yadda masu saye suka zama murya ɗaya a gaban masu sayarwa da yawa, na ce a ilimi sunan abin antant.

"Mu ba mu jin Nasaranci. Da Hausa hwa?"

Na laluba cikin kaina, kalmar da ta zo ita na faɗa. "Haɗin baki."

 Sai wani masunci ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka, har da masu tafi. Taubashin ya juya ya ce, "Kin ji ko? Ba ni nac ce ba. Jikanki ne, da takarda hannunshi." Ranar masunta suka ƙi sallamawa har rana ta ɗaga, sai da Kaka ta ƙara abin da ba ta taɓa ƙarawa ba. Makonni bayan haka, in mata sun iso sai a ce, "Sannunku da zuwa, 'yan haɗin baki."

Haɗin kai shi ne abin da liman ke roƙa wa jama'a ranar Juma'a. Haɗin baki kuwa shi ne abin da ɓarawo ke yi da maigadi. Na san wannan tun ina yaro, amma a bakin tafkin nan ina kallon littafi ne, ban kalli fuskar kowa ba. Da aka gama ciniki Kaka ta miƙe, ta kaɗe zanenta, ta dube ni ta ce, "Mushe, mun gode da ilimi." Mushe dai daga Faransanci yake, haka ake kiran malamin boko ko ma'aikacin da ba a saba da shi ba.

Daga ranar ban sake jin zagi a bakinta ba. In na yi sallama sai ta ce, "Mushe, kun zo lahiya? Ya karatu?" Ni da take kira kai tun ina tsumma, na koma ku. Ta sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, a kawo ruwa a kwanon baƙi. Kifi kuma a rufe da faifai, tsoka zalla, kan tarwaɗa ya tafi wurin masu saye. Wanda bai sani ba zai ce ga jika ɗan gata. Ni kuwa da mari ta yi mini da na fi jin sauƙi.

Ba irin haƙurin da ban ba ta ba. Na durƙusa na ce, "Kaka, tuntuɓen harshe ne. Haɗin kai nike nuhi, Faransanci ne ya ruɗe ni." Ta ce, "Ba komi, Mushe, Allah shi ba mu haƙuri." Na koma na ce wasa nake yi da taubashinta. Ta ce, "Ai mun gane." Na aika Inna, aka ce mata ita ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Na aika Kawu, ya dawo ya ce in bar shi ya zauna lafiya da uwarsa. Na tara abin da na samu na saya mata atamfa, ta karɓa da hannu biyu, ta yi mini doguwar addu'a irin wadda ake yi wa baƙon da ya kawo alheri. Duk lokacin da na ba da haƙuri sai in ga ta ƙara yin nisa, na rasa dalili.

Har rubutun na je na canza. Na goge kalmar duk inda take, na sa taimakon juna a madadinta, na mayar da matan bakin tafki kamar mala'iku. Malaminmu ya karanta ya maido mini da jan bik ko'ina. A gefen wani shafi ya rubuta tambaya ɗaya, wai masuntan ne suka gaya mini taimakon juna ne? Ya ce in koma in zauna da su, in daina rubuta abin da nake so ya zama. Na fito ofishinsa ina jin haushinsa, ina jin haushin Kaka, na fi jin haushin kaina.

A lokacin ne ciwo ya kwantar da ita. Da farko ta daina zuwa tafki, ƙawarta ta karɓi tayin daron farko. Daga baya ko ƙofar ɗaki sai an riƙe ta. Duk sanda wayata ta yi ƙara na ga sunan Inna sai in yi addu'a kafin in ɗauka. Tsoro nake ji ƙwarai, kada a ce ta tafi tana ce mini Mushe.

Na bi maganar malam na je na zauna da taubashinta yana ɗinkin koma a inuwa. Na tambaye shi tsakani da Allah, matan nan suna cutar su ko ba sa cutar su.

"Suna matse mu mana," in ji shi. "Da kowace za ta taya nata, da kihina ya hi haka daraja. Wanga ko yaro ya sani." Ya ja zare da haƙori. "Amma ranar da kihi ya yi yawa, masu motar ƙanƙara sunka cika sunka tahi, wa ka tsayawa? Ita. Ta raba ma mata, kowa ta ɗauki abin da ya hi ƙarhinta. Tana matse ni, amma ba ta taɓa bari kihina ya ruɓe hannuna ba. Rubuta duka, in kai ɗan halas ne."

Na rubuta duka. Na maido kalmar inda take, na kuma rubuta takaba da goro da mai sayen da ake turawa gaba. Malamai uku suka zaunar da ni suka yi ta tambaya, aka karɓa. Abokaina na ta murna, ni kuwa na rasa yadda zan kai labarin gida. Kalmar da na yi shekara biyu ina rantsuwa ban nufe ta ba, ga ta na sa hannu a ƙarƙashinta.

Ranar Laraba Inna ta kira ta ce in zo, jikin ya yi nauyi. Na iso bayan la'asar. Kaka tana kwance ta jingina da matashi, ta rame har zobenta na yawo a yatsa, kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. Na zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Mushe, kun zo?" Muryar da ƙyar take fita.

Na zo da niyyar in sake ba da haƙuri. Amma da na ji kalmar nan sai wani abu ya taso mini, tsoro da gajiya suka koma fushi. Ni ma jininta ne, ina da nawa zafin.

"Kaka, na gaji," na ce. "Abin da nac ce bakin tabki ba tuntuɓen harshe ba ne, kuma ba wasa nike ba. Da sahe haɗin baki kuke ma masunta. In kun koma wurin suya kuma haɗin kai ne, irin wanda ban gani ba cikin littahi ko guda. Duka biyun na rubuta, an karɓa. In za ki yi hushi ki yi, amma ban janye ba."

Na gama na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, na ƙarasa abin da ya rage. Ba a jin komai sai dakan Inna a tsakar gida.

"Sai yau?"

Na ɗago. Ido ɗaya ta buɗe tana kallona.

"Shekara biyu kana zarya kana ce mani wasa kake. Ka taya gaban mutane, anka sallama maka, kag gudu. Nac ce wanga ba jikana ba ne, wani Mushe ne anka aiko." Ta huta, ta ja numfashi. "Wa yac ce maka ban san haɗin baki muke ba? Mu mata, da kasko da itace, in ba mu haɗa baki ba wa za shi saurare mu? Wautarka guda, ka hwaɗe ta gaban mai kihi ana tsakar ciniki. Wannan da ka tsaya bisa maganarka, kwana ukku ya isa in huce."

Na sosa ƙeya.

"Dube shi," in ji ta. "An kai ka birni, an ƙare alli, ka dawo da abin da kowane masunci ya sani. Kunnuwa awa hwaihwai, ba su jin komi. Tashi ka ba ni wuri, mummunan miji. Ka ce ma uwarka ta dama mani hura, kuma kak ka sa baki ciki, na san halinka."

Na fito ban ga hanya sosai ba, na yi tuntuɓe da bakin ƙofa. Inna ta ga fuskata ta saki taɓarya, ta dafe ƙirji.

"Mi ya hwaru? Ta cika?"

"A'a," na ce. "Zagina ta yi."

Inna ta tsaya tana kallona. Sannan ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Miƙo mani ƙwarya."

Allah ya jiƙan Kaka, ya sauƙaƙa mata hisabi, ya auna mata aikinta da mudu cike, ya ƙara mata da gyara.